Don Na Sunkuyar da Kai Aka Kira Ni Ɓarawo

Edita, ina gaisuwa. Lokacin da wannan abu ya faru ni matashi ne, direban tarakta a wani mashru, wato babbar gonar dawa da riɗi, a wajejen Simsim. Shekara guda da aurena, ina ji da ƙarfi, kuma duk kambon da muke kwana, wato sansanin ma'aikata, an san ba na taɓa kayan mutum. Kakannina da ƙafa suka taso daga yamma za su hajji, suka yada zango a Gadarif, zangon ya zama gida. Larabci muke yi a kasuwa, amma tarbiyyar cikin gida ta Hausa ce tsantsa. Surukina, mahaifin matata, shi ne shugaban masu yankan riɗi a wannan gonar. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in na hango shi tafe sai in sake hanya.

A wannan kakar mai gona ya damƙa wa ɗansa aiki saboda tsufa. Ɗan ya dawo daga karatu da wani ilimi da yake taƙama da shi, na karanta jikin mutum. Ya ce masana sun yi bincike, jiki ba ya ƙarya ko da baki ya yi: mai kawar da ido maƙaryaci ne, mai harɗe hannuwa yana ɓoye wani abu, mai sosa wuya ya shirya zance. Da wannan yake ɗaukar ma'aikata, da shi yake sallama. Mu dai dariya muke yi a bayan idonsa, muna cewa kowa ya daure wa ƙaiƙayi kada sauro ya ja masa kora.

Matata tana garin Doka gidan iyayenta, goyon cikin fari. Wata rana bayan azahar wani direban lori ya ja ni gefe, ya ce tun safe take naƙuda kuma abin ya zo da gardama. Na kashe tarakta, na haye lorin, ban gaya wa kowa ba. Wanda ba namu ba zai ce me ya hana ni faɗa. To, a wurinmu namiji ba ya nuna ya damu da haihuwar fari, balle ya je ya tsaya gaban uban matarsa ya ce zai bi ta asibiti. Ko da na isa ma ban shiga ba, bayan katanga na laɓe kamar mara gaskiya, har kakar matata ta hango ni ta zagayo, ta ce an sami mace, uwa da ɗiya lafiya. Ban sami motar komawa ba, sai washegari na koma. Na tarar an kwance batiri da dinamon taraktata, kambo ya ɗauka cewa ni kaɗai ne ba a gani ba.

Ɗan mai gona ya tara mu a rakuba, rumfar ciyawar da ake shan inuwa. Ya zauna a kujera, ya zaunar da surukina kusa da shi a matsayin dattijon wurin. Ɗaya bayan ɗaya yake kira, yana tambaya, yana ƙare wa mutum kallo. Mai tsaron sito ya zo ya tsaya ƙyam, ya zuba masa ido, ya yi bayani tiryan-tiryan, aka ce ya wuce. Da aka zo kaina na cire takalmi na durƙusa, kaina a ƙasa, don ga surukina a gabana. Ya tambaye ni ina na kwana, na ce Doka. Ya ce me ya kai ni, na ce wani uzuri. Ya ce in ɗago in kalle shi in faɗi uzurin. In na ɗago, idon wa zan fara haɗawa da shi? Gumi ya karyo mini, hannuna ya kai wuya ban sani ba. Sai na ji ya yi 'yar dariya, ya juya yana nuna wa mutane ni kamar malami da allo, wai su duba ido, su duba gumi, su duba hannu, alama uku sun cika. Ya ce halas, wato magana ta ƙare, in tattara kayana.

An kira ni ɓarawo a gaban mutumin da ya ba ni 'yarsa. Na fita ina huci, na rantse ba zan yi wa kowa bayani ba, wanda ya san ni ya san ni. Nan ne kuskurena, kuma ba na ɓoye shi. Labari ya riga ni isa Doka. Matata tana wankan jego mata suna shigowa barka suna raɗa, har nononta ya ƙi zuwa sosai don kuka. Surukina ya daina zama cikin mutane bayan salla. Da na aika wani aboki ya gaya masa gaskiya a asirce, da duk wannan bai faru ba, amma zuciya ta hana ni.

Ranar suna Allah ya kawo mafita ta bakin kakar matata. Ka san kaka da mijin jika, sai tsiya. Ta fito ƙofar gida maza na zaune, ta nuna ni da sanda, ta ce ga rago nan mai laɓewa bayan katangar asibiti, ranar haihuwa ya wuni yana zufa sai ka ce shi ke naƙudar. Aka fashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Surukina bai yi dariya ba. Ya tambaye ta ranar, ta faɗa, ya miƙe ya sa takalmi ko naman suna bai jira ba, ya nufi gidan mai gona. Bayan 'yan kwanaki aka ga dinamon a hannun wani bakanike, kuma wanda ya kai masa shi ne mai tsaron siton nan mai kallon ido cikin ido.

Ɗan mai gona ya aiko in zo. Ya ce in koma bakin aiki, amma laifina ne, in koyi kallon mutane in ana magana da ni, haka duniya take yanzu. A ranar na kalle shi, tunda babu surukina a wurin, kallon da sai da ya kawar da kai. Na ce ga shi shi ma ya kawar, ko ya saci wani abu ne? Na ce littafinsa ya karanta jikin wasu mutane, bai karanta namu ba, kuma ba zan sayar da kunyar da uwata ta koya mini don tarakta ba. Na bar masa makullinsa, na koma tuƙin lori tsakanin Gadarif da Hawata har ƙarfina ya ƙare.

Yarinyar da aka haifa a ranar yanzu ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ma an koya musu wannan ilimin. Ta gaya wa uwarta, uwar ta gaya mini, cewa su masu binciken ma ba su ce kawar da ido shaidar ƙarya ba ce, kowace al'umma da yadda take riƙe jikinta. Ita tana amfani da shi ne don ta gane tsohuwar da ke cewa da sauƙi alhali ciwo na cin ta. To, ina jan kunnen duk wanda aka koya wa karanta jiki, ɗan sanda ne ko mai ɗaukar ma'aikata: ka fara tambayar wa ke zaune a wurin, kuma a wane gida aka raini wanda kake kallo. Ku kuma 'yan'uwana masu kunya, in ba za ku iya faɗa da bakinku ba, ku aika wani ya faɗa, kada ku bar naku cikin baƙin ciki kamar yadda na yi. Amma kada wanda ya sa ku ji kunyar kunyarku. Surukina ya rasu ban san launin ƙwayar idonsa ba, 'yar nan tawa har yau ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ban taɓa satar ko allura ba.