Ranar da Goggo Luba Ta Hana Ni Kwantar da Yayana

A unguwarmu ta Yelwa, nan Garwa, idan aka ga Goggo Luba ta shiga gida da tabarma a hammata, kowa ya san likita ya gama nasa. Shi ya sa wasu ba sa son ganinta. Ni ma, Taufiƙ mahauci, da ina cikinsu, ba zan yi ƙarya ba.

Ita ba ma'aikaciyar asibiti ba ce, ba ta kuma ba da magani. Gajeriyar tsohuwa ce mai sayar da yaji da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida, daga gidan mahauta ta fito kamar ni. Mijinta Lukmanu magini ne. Ya yi shekaru yana yanka faifan rufi na siminti da zarto, ya dawo gida fari fat kamar an tsoma shi a gari. A cikin ƙurar nan akwai abin da likitoci ke kira amiyant, wanda ke shiga huhu ya yi lamo shekara ashirin ko talatin, sannan ya tashi da ciwon daji.

Ranar da Lukmanu zai cika, 'yan'uwansa suka fitar da ita tsakar gida, suka kwantar da shi a gefen dama yana fuskantar alƙibla, yadda muka gada. Tana jin sa yana shure-shure yana neman iska, har ya tafi bai furta komai ba. Da ta fita takaba sai ta koma asibiti wurin Madam Odette, nas ɗin da ta yi jinyarsa, ta ce a gaya mata gaskiya. Odette ta ce huhun hagu ne ya cika da ruwa, na daman kaɗai ke aiki, shi ne kuma aka danne.

Tun daga lokacin take bin masu wannan ciwo, magina da kafintoci da makanikai. Ta jiƙa musu leɓe da auduga, ta yi fifita, ta kori masu cika ɗaki da surutu, ta tambayi mara lafiya wa yake so a kira masa. Har garin Mokolo ta taɓa zuwa saboda wani kafinta mai suna Serge, wanda ba ma addininsu ɗaya ba.

Yayana Muhaimin makanikin birki ne a garejin manyan motoci, da baki yake hure ƙurar birki tun yana saurayi, ita ma kuwa akwai amiyant a cikinta. Bara, ana tsakiyar zafin Afrilu, aka sallamo shi daga asibiti, shi ma huhun hagun ne ya cika da ruwa. Matarsa Ilham ce ta kirawo Goggo, ni ina ta faɗa. Goggo ta ja katifa jikin bango, ta tara masa matasai, kwana tara yana barci a zaune. Kullum sai na kawo tsoka mai kyau, kullum ba ya iya ci.

“Kai dai ba ka san wani magani ba sai nama,” in ji Goggo. “Ajiye, ka zo ka riƙe masa hannu.”

Rana ta goma, bayan la'asar, numfashinsa ya canja. Na shiga na same shi a jingine, fuskarsa tana kallon yamma. Raina ya ɓaci.

“Goggo, da girmanki, matsa. Ɗan'uwana ba zai mutu a zaune ba kamar mai jiran mota a tasha.”

“Munyal, Taufiƙ, yi haƙuri,” ta ce. “Na tambayi malamai uku, ba ɗaya ba. Wanda kwanciya ke cutarwa, a ɗaga shi ya fuskanci alƙibla, ya isa.”

“Haka aka yi wa Baba, haka za a yi masa.”

“Babanku ba ruwa a huhunsa. A lopital, can asibiti, ba su gaya maka ba ne?”

Ban saurare ta ba. Na kama kafaɗunsa na fara karkata shi dama. Ko rabi ban kai ba ya damƙe mini riga, bakinsa a buɗe, iska ta ƙi shiga. Na yanka dabba ta fi dubu, na san idon da ke roƙo. Ban taɓa tsammanin zan gan shi a fuskar yayana ba, kuma a ce ni ake roƙo. Kunya da tsoro suka rufe ni, na ɗago shi da sauri.

Goggo ba ta ce ai ta faɗa mini ba. Ta jira har numfashinsa ya dawo, sannan ta ce ni da Ilham mu juya katifar a hankali. Muka juya ta har fuskarsa ta kalli alƙibla. Amma yanzu babu bango a bayansa, matasan suna ta zamewa.

“Hau,” ta ce da ni. “Zauna a bayansa.”

Na hau na jingina shi a ƙirjina. Mutumin da ya goya ni zuwa makarantar allo, ga shi ƙashi da fata, ina jin kowane haƙarƙari nasa. Ilham tana fifita. Goggo ba ta ce masa ya faɗi komai ba, kusa da kunnensa kawai ta matsa tana maimaita kalmar shahada ƙasa-ƙasa, ta yi shiru, ta sake. Can sai na ji shi yana bi, kalma ɗaya ya huta, kalma ɗaya ya huta, har ya kai ƙarshe. Bai yi shure-shure ba. Numfashin ne ya yi ta nisa da juna, sai na ji ya ƙara nauyi a jikina.

Na ci gaba da riƙe shi, na kasa saki. Goggo ta shafe masa idanu, ta dafa mini hannu.

“To, ɗana,” ta ce. “Yanzu ka kwantar da shi.”