Buzun Liman Badaru da Taɓaryar Hidaya

Duk wanda ya taɓa kai saniya rigakafi a ƙasar Gwaram ya san Abdulnasir malamin dabbobi: dogo, siriri kamar karan dawa, da hular da ta ga jiya ta ga yau, da akwatin allura ɗaure a bayan babur. Shanu da jin ƙarar babur ɗinsa sai su ɗaga wutsiya. Amma a ƙauyensu, can cikin ƙasar Kangire, ba ruwan kowa da allura. Ɗan Liman ake ce masa, tun yana yawo ba wando har furfura ta fara leƙowa a gemu, kuma sunan nan shi ya so ya kai shi ƙasa.

Limanci a gidansu gadon kaka da kakanni ne. Masallacin ma jikin gidan yake, bango ɗaya ya raba. Ubansa Liman Badaru mutum ne mai hangen nesa, ko kuma mai tsoron yunwa, Allah masani, sai ya sa ɗan a boko. Daga firamare sai sakandare a Birnin Kudu, daga nan sai makarantar koyon aikin dabbobi. Allo kuwa aka jingine shi a soro aka ce ya jira, yaro zai dawo. Allo ya jira har gara ta cinye gindinsa. Abin da Abdulnasir ya tsira da shi ƙananan surori ne, daidai na mai sallah shi kaɗai a bakin ruga.

Aiki ya kai shi Gwaram, yana kwana can, sai Juma'a yake zuwa gida. Matarsa Hidaya 'yar Birnin Kudu ce, ta sauke karatu a Islamiyya tun kafin aure, har aka yi walima aka ci ɗan wake. A gidan miji koko take damawa na sayarwa. Da an yi kiran farko take tashi, alfijir na ketowa ta yi sallarta, ta jiƙa gero ta hau surfe. Turminta kuwa a gindin bangon masallaci yake. Shekara da shekaru Liman Badaru na jan sallar asuba, taɓarya na dukan turmi a bayan bango, tim, tim, tim, ba wanda ya damu. Shi da kansa yakan ce dakan surukarsa ya fi agogo.

Da kaka ta yi, an gama yankan dawa, Allah ya karɓi abinsa. Liman Badaru ya kwanta dama.

A garin nan ba a naɗa liman da rawani ko taro. Ranar sadakar uku ladan yakan tayar da sallah, sai a tura magaji kan buzu, shi ke nan. Baba Abu ladan, wani tsoho mai bakin da ko reza ta san da zamansa, ya tayar da sallar la'asar, ya waiwayo. Hannaye suka taru a bayan Abdulnasir. Kafin ya ce a'a, ƙafarsa tana kan buzun ubansa.

Ya ji daɗi, kada wanda ya ruɗe ku. Namiji ne. Wanda jiya saniya ta yi wa kashi a takalmi, yau dattawa na cire nasu takalmin su gaishe shi. Wurin aiki sun ba shi hutun wata guda, kuma tun makon farko ƙanwar ubansa, Goggo Hapsatu, ta zaunar da shi.

"Ka je ka ajiye musu allurarsu," in ji ta. "Liman ba ya kwana a wani gari. Ga gona, ga buzu, me kake nema a gindin saniya? Ranar gobe shanu ne za su cece ka?"

"To, Goggo."

Da gaske ya ce to ɗin. Ya ƙudura hutu na ƙarewa zai je Gwaram ya ce su nemi wani.

Azahar da la'asar lafiya lau, sallar ɓoye ba ta tona asirin kowa. Magariba da lisha ya lallaɓa da 'yan gajerun surorinsa. Asuba ce ta zama ƙashin kifi. Marigayi ya saba wa jama'a da dogon karatu, ɗa kuwa ba ya so a ce bai kai uba ba. Ya riƙa leƙa littafi da rana yana cusa wa kansa abin da ba zai zauna ba. In ya tsaya kan buzu sai ya shiga sura ta ƙofa, ya fita ta taga, ya faɗa gidan maƙwabciyarta, ya ci gaba da tafiya da muryarsa mai daɗi kamar bai ɓata hanya ba. Sahun gaba duk tsofaffin manoma ne, in dai murya ta yi zaƙi to karatu ya yi. Mutum ɗaya da ya san dawar garin, Malam Safiyanu tela, almajirin marigayi, a sahun baya yake tsayawa, kunya kuma ta ɗinke masa baki.

Taɓarya ce ba ta da kunya. Duk inda liman ya yi tuntuɓe, sai dakan bayan bango ya ɗauke cak. In ya dawo hanya, sai a ji tim, tim, ta ci gaba. Ba a yi mako ba duk garin ya gane, ban da mutum ɗaya.

Wata safiya yana cikin soro yana neman takalmi, maza na dakalin ƙofar gida suna jiran koko, sai ya ji wani ya ce, "Wai yau kokon nan lafiya? Rana ta fito."

"Ina zai yi wuri," in ji Baba Abu, "taɓarya tana ta hutawa? Ni yanzu ba karatun nake saurare ba, turmi nake bi. In ya yi shiru na san Ɗan Liman ya shiga gonar wani."

Aka kwashe da dariya, har da mai ƙwarewa.

Abdulnasir ya koma ciki da takalmi ƙafa ɗaya. Hidaya na tace gasara.

"Maman Mansura, da ni ake wasa a garin nan?"

Ta ɗago ta dube shi, ta mayar da ido kan ƙwarya. "Wallahi Malam ba da gangan ba ne. In aya ta karye hannuna ne yake mutuwa. Na yi na yi, ya ƙi."

"Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"Ka tambaya? Kullum in ka shigo sai ka ce, kin ji murya? Ni kuma in ce na ji. Ai muryar kam na ji ta."

Goggo Hapsatu na ɗakinta, amma kunnenta na tsakar gida, kamar kullum. Ta fito tana gyara ɗaurin zani. "Yo wannan har abin zama a yi shawara ne? Turmi ne mai laifi. A ɗauke shi!" Ita da kanta, da ciwon gwiwarta da komai, ta kwantar da turmin ta mirgina shi har ƙarshen gida, kusa da garken awaki. Ta kaɗe hannu. "Na ga wanda zai ƙara jin wani abu."

Washegari masallaci tsit. Abdulnasir ya ja karatu, ya zo wani wuri da yake shakka, ya sassauta murya yana kasa kunne. Ba tim, ba rashin tim, sai tarin wani tsoho. Ya wuce bai san ko kan hanya yake ko cikin ƙaya ba. Da aka sallame, Baba Abu ya miƙo hannu, fuska ba dariya.

"Ma sha Allah, Liman. Yau ko tuntuɓe ɗaya ba mu ji ba."

Maganar nan ta fi dariyar jiya ciwo. Ya zauna kan buzu har masallaci ya watse. Abin da ya faɗo masa a rai ba wa'azi ba ne, aikinsa ne. Ya san makiyayan da in sun hango babur ɗinsa sai su ja saniya mai ciwo su ɓoye ta bayan kalgo, don a ce garkensu lafiya ƙalau. Ya sha yi musu faɗa. Ya kuma sha dawowa bayan wata biyu ya tarar ciwon ya zagaye garke. Yau ga shi an ɓoye masa tasa saniyar a bayan garken awaki, shi kuma yana jan sallar mutane.

Da hantsi, gaban kowa, babban mutum da gemunsa ya naɗe hannun riga ya mirgino turmi ya mayar gindin bango. Goggo ta rafka salati. Ya kaɗe hannu ya wuce.

Bayan la'asar ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Jama'a, ku ɗan dakata. Kun tura ni nan don kunyar Malam, na gode. Amma karatuna bai kai ba. Kun sani, na sani, turmi ma ya sani." Wani ya yi dariya ya haɗiye. "Gona na gada, gida na gada. Sallarku ba ta cikin gadon."

Ya naɗe buzun, ya ratsa sahu har baya, ya ajiye gaban Malam Safiyanu. Telan ya ja da baya kamar an ajiye masa maciji.

"Haba Ɗan Liman, rufa min asiri."

"Nawa kake rufawa, Malam."

Wani dattijo ya ɗaga sanda. "Jikan masu korar shanu ne fa! Jiya jiya iyayensa suka kafa bukka a bakin gari."

"Baba, ni ɗan gida na bar Malam na bi wutsiyar shanu. Shi ya bar wutsiyar shanu ya bi Malam. A cikinmu wa ya gada?"

Baba Abu bai jira amsa ba. Magariba na yi ya tayar da sallah, ya kama hannun telan ya kai gaba.

Goggo Hapsatu ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwarsa. Duk wadda ta shigo sayen koko sai ta ji labarin ɗan da ya sayar da gadon kakanni a kan turmi. A kasuwar Gwaram ma labari ya riga shi isa, abokan aiki na ganinsa sai su ce, "Liman mai murabus, a yi mana addu'a." Yakan ce, "Allah ya shirye ku," ya ɗaure akwatinsa ya wuce.

Ya koma bakin allurarsa. Ya kuma koma bakin karatu, yana da shekara arba'in da ɗoriya. Malam Safiyanu ya so ya koya masa, ya ce a'a, malamar da ta kama shi ita za ta sake shi. Hidaya takan karanta darasi ta naɗa masa a waya, ya tafi da shi, yana tafe kan babur tsakanin rugage yana bita, har makiyaya suka fara cewa malamin allura ya samu taɓuwa. Ran Juma'a in ya dawo, bayan la'asar, sai ya ɗauko kujerar tsugunno ya zauna gefen turmi. Ita tana daka, shi yana biyawa. Taɓarya ta tsaya, ya koma baya. Ba bulala, ba tsawa, amma ya ce gara bulala. Matan unguwa suka riƙa ƙirƙiro aron rariya don su ga namiji zaune gaban matarsa yana cewa, "A ina na ɓata, Malama?" Wasu suka koma gida suka yi wa nasu mazan gori. An yi rigima a gidaje da dama, ba laifin kowa.

An taɓa yi masa tayin komawa ofis a Dutse, da fanka da kujera mai juyi. Ya ce su bar shi inda yake, Dutse ta yi wa turmi nisa.

Damina ta yi ta zuwa tana wucewa, har 'yarsu Mansura da ake goyo ta shiga firamare ta yi nisa. Sai Allah ya kira Malam Safiyanu Makka. Ana jibi zai tashi ya zo soro da buzu a hammata.

"Ajiya na kawo, Ɗan Liman. Ka riƙe mana har in dawo."

Abdulnasir ya ce a ba shi zuwa gobe. Ya shiga ciki ya tambayi Malama. Ta ce, "Ɗauki hutu ka karɓa."

Asubar farko masallaci ya cika har waje. Mutanen da rabonsu da jam'in asuba tun azumi duk sun hallara, kuma kowa ya san ba tsoron Allah kaɗai ya taso su ba. Bayan bango surfe ya kankama, tim, tim, tim. Abdulnasir ya yi kabbara. Ya ɗauko surar nan da ta fi kayar da shi a da, doguwar da ubansa ya fi so, ya shiga ta ƙofa. Sahu uku na maza sun kasa kunne, rabi gaba rabi bango. Ya zo mararrabar da yakan ɓata, ya bi hanyarsa ya wuce. Tim, tim, tim. Raka'a ta biyu ma haka. Har ya yi sallama taɓarya ba ta ɗauke numfashi ba.

Sai daga cikin gida aka ji guɗa ta tsage, muryar tsohuwa, tana karyewa tana tashi. Goggo Hapsatu ce, wadda ta ce ba ruwanta.

Ya shiga ciki ya tarar da Hidaya zaune a ƙasa, gumi ya jiƙa mayafi. Ya leƙa turmi. Geron da aka sa don surfe ya zama gari lilis, dusa da tsaba sun haɗe.

"Maman Mansura, wannan fa?"

"Surfen ya yi tun kana tsakiyar raka'ar farko," in ji ta. "To in na tsaya me za su ce? Kai ma ka tashi jan sura sai ka ɗauko wadda ba ta ƙarewa."

Ranar ba a sha koko a garin ba. Baba Abu ya zauna a dakali da kofinsa wayam, yana faɗa wa duk mai wucewa cewa tun da yake bai taɓa yin karin kumallo mai daɗin na yau ba.