Bargon Inna na ƙarshe

Ni dai ban taɓa son hutun ƙarshen shekara ba, kuma ba zan ɓoye ba. Wasu hutu suke yi, ni da Inna bauta muke yi. Mu shida ta haifa, amma ni kaɗai ce aure bai kai ni nesa ba, layi biyu ne tsakanin gidana da nata. To kun ji laifina.

Inna tela ce. Shekara arba'in ta yi tana taka keke a ɗakin da ke kallon titi, har ƙafarta ta dama ta fi ta hagu kauri. Tun da muka fara barin gida ta ƙirƙiro wata al'ada da ba a yi a gidan kowa sai namu. Duk wanda ya zo hutu, zai jefa tsohuwar rigarsa ko zaninsa a babban kwandon da ke bakin ɗakinta. Ita kuma ta yayyanka su, ta haɗa ƙyallayen, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta bi da allura da hannu har ya zama bargo. Kowace shekara bargo ɗaya, mutum ɗaya. Ranar da za a watse ake ba mai rabo, ana tafi ana tsokana: ga aljihun Yaya, ga wuyan rigar wance tun tana siririya.

Ban da ɗinkin ga girki. Mutum ashirin da uku, da 'ya'ya da surukai da jikoki. Buhun albasa nake yankawa har idona ya kumbura, in fige kaji, in kankare ƙasan tukunya, su kuwa suna falo suna cewa, "Kai, girkin Inna daban ne!" Girkin Inna, wai. Sannunku.

Abin da ba su sani ba, idon Inna ya soma tafiya tun shekara uku da suka wuce. Kullum da safe sai na zo na zura mata zare a allura ashirin, na soke su a jikin matashi, ita kuma ta yi ta laluba tana ɗinki. Na ce mata, "Inna, don Allah ki bari haka. Bayanki ciwo, yatsunki ciwo, wa ya ɗora miki?"

Ta ce, "Ke, kina zaton daɗi nake ji? Wallahi na gaji da bargon nan tun mahaifinku na raye. Amma bargon ne ke kawo 'yan'uwanki gida. Ranar da babu bargo, kowa zai samo uzuri. Kada ki kuskura ki faɗa wa kowa maganar idona."

Na rufa mata asiri, don na san 'yan'uwana.

A shekarar da nake ba ku labari, rabon Auta ne, ƙaramin ƙaninmu. Kwana biyu da isowarsu, matar Yaya, babban wanmu, ta fito da sabuwar doguwar riga, mai ruwan zuma, wadda ta tanada don hoton iyali. Za ta shiga wanka, ƙaramin ɗanta ya fasa kuka, sai ta yar da rigar a kan kwandon ta juya. Ina kicin ina fama da hayaƙi. Inna ta miƙa hannu ta jawo abin da ke sama, ta shafa, ta ce, "Wannan bai ji jiki ba, amma zai yi kyau a tsakiya." Ta sa almakashi.

Ihun matar Yaya ne ya fito da ni da ludayi a hannu. Na tarar da rigar ta zama gida goma sha biyu, an jera su tsaf a kan tabarma. Takardar shago ma na nan maƙale a wuyanta, fara fat, ko yaro zai gan ta.

Yaya ya tsuguna gaban Inna, ya ɗaga takardar. "Inna, mene ne wannan a hannuna?"

Ta ƙura ido. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Zare ne?"

Da faɗa aka yi, da na fi jin sauƙi, don na iya faɗa. Amma ba wanda ya ɗaga murya. Matar Yaya ma, baiwar Allah, kuka ta saka tana cewa rigar banza ce, a yafe mata. Yaya ya juyo ya dube ni ya ce, "Kin sani kika bar ta tana wannan wahala?" Ku ji fa. Wai ni yake tuhuma. Shi da ke zuwa da cokalinsa kawai.

Nan take suka yanke shawara, cikin ƙauna da ladabi. Inna ta yi mai isarta. Ba ɗinki, ba girkin taro. Daga baɗi kowa ya zauna gidansa, kada a riƙa cika mata gida da hayaniya, za a dinga leƙo ta ɗaya bayan ɗaya idan an samu sarari. Inna ta ce, "Ai hayaniyar ba ta damuna." Suka ce, "Haba Inna, kawaici ne irin naki." Ni na ƙarasa bargon Auta, ɗinkina a karkace, ya karɓa ya yi godiya.

Da shekara ta zagayo, na dafa mana shinkafa gwangwani biyu a ƙaramar tukunya. Minti arba'in na gama komai, na rasa abin yi da hannuwana. Inna ta yi wanka, ta sa turare, ta zauna a kujerar da ke kallon ƙofa. Duka biyar ɗin sun kira, ba zan yi musu ƙarya ba. Kowa ya ce, "Inna, bana kin huta ko?" Ta ce, "Na huta, Allah ya yi muku albarka."

Bayan kira na ƙarshe ta miƙo mini wayar, ta ce, "Ke, hutun nan saura kwana nawa?"

Na ce, "Shida, Inna."

Ta ce, "Kai. Da yawa."