Dogon Yaron da Ya Ƙi Mutuwa

Shekarar da na gina zaurena a Gwandu, na sayo dashen dogon yaro wurin wani mai rainon itatuwa a Kalgo. Ya ce in ya mutu kafin kaka, zai ba ni wani. Sati biyu ganye ya zube. Na zuba toka saboda gara, ba sauyi. Sau uku ina hawa jaki zuwa Kalgo da reshe a aljihu. Kullum sai mai itatuwan ya kankare ɓawon da farce, ya nuna mini kore, ya ce, "Malam, da ransa." Na gaji har na koma yi wa iccen fatan mutuwa. Sai da muka gama kai gero rumbu, sannan ya bushe.