Altine Karkace da Jan Layin Zarto

Duk wanda ya san Altine kafinta na Gwandu ya san idon nan na hagu da yake kannewa. Mutum ne da bai iya kallon abu da ido biyu ba. Ka miƙa masa hannu ku gaisa, shi kuwa ya kanne ido, ya langaɓe kai, yana auna hularka. Can sai ka ji, "A karkace take." Katangar makaranta a karkace, sahun salla a karkace, gemun mai unguwa ma bai tsira ba. Har sunan ya bi shi, Altine Karkace, kuma in ka kira shi da shi amsawa yake yi, ya ce ai ba shi ba ne a karkace, mu ne.

Ni Ummaru taubashinsa ne. Uwarsa yayar babana ce, ya ba ni kusan shekara ashirin, amma wasan da ke tsakaninmu ya ba ni izinin faɗa masa abin da ko matarsa Kulu ba ta iyawa.

Ranar da na tare a gidana na Kalgo, na yi ɗan taron cin abinci. Altine ya sauko daga mota da jakar kayan aikinsa, wai ba ya zuwa ko'ina ba ita. Yana isa ƙofar zaure ya tsaya cak. Ido ya kanne.

"Ummaru, wa yak kahwa ma wagga ƙohwa?"

Na ce, "Tsoho, shigo ka ci tuwo, ba aiki na kira ka ba."

"Ba ni shiga. In na bi ta nan ni ma karkacewa za ni yi."

Wallahi sai da ya ɓalle ƙofar nan, baƙi suna tsallake shi da kwanoni a hannu, ya sake kafa ta. Tsofaffin ƙusoshin da ya zare kuwa ya miƙar da su ɗaya bayan ɗaya a kan dutse, ya zuba a aljihu. Na ce ai ƙusoshina ne. Ya ce, "Kai da ba ka san darajassu ba?" Tuwonsa da sanyi ya ci shi, yana ci yana kallon tagogina.

To, shekaru suka ja, sai idon da yake taƙama da shi ya soma yi masa gardama. Shi dai ɓoyewa ya yi. Mu muka gani. An ba shi aikin bencina na wata Islamiyya a Kambaza, da aka kai, kowane benci rawa yake yi, yara na zama suna lilo. Malamin ya zo har Gwandu cikin ladabi ya faɗa masa. Altine ya ce, "Malam, bencina lahiya lau suke. Ƙasar Kambaza ta a karkace, tun zamanin kakanni an san haka."

Mun yi dariya, amma Kulu ba ta yi ba. Ta ja ni gefe ta ce, "Ummaru, jiya turmi ya yi wa sallama a tsakar gida, har yana tambayarsa mutanen gida. Shekaranjiya kuma zarto ya taɓa masa babban yatsa, ya ɓoye hannun cikin riga." Masu kawo aiki suka fara wuce shagonsa suna sunkuyar da kai. Mutumin da ya shekara arba'in ana layi a ƙofarsa, sai ga shi zaune yana korar ƙuda.

'Yarsa Saratu, wadda ke aikin jinya a nan Kalgo, ta yi juyin duniya ya zo a duba idon. Ya ce shi ba mai taɓa masa ido, da shi yake ci. Ta ce to ya ajiye aikin ya huta. Kwana uku bai amsa gaisuwarta ba. Sai ta zo wurina tana share hawaye, ta ce, "Baba Ummaru, in an raba shi da katako mutuwa zai yi, in an bar shi kuma yatsunsa za su ƙare." Muka shiga Birnin Kebbi ni da ita, muka yi ta yawon shaguna, har wani mai kayan aiki ya nuna mana zarton lantarki mai hasken leza. Kana kunna shi sai wani siririn jan layi ya kwanta a kan katako, ya nuna maka daidai inda haƙoran zarton za su bi. Saratu ta ce, "Wannan ko Baba zai gan shi."

Ni aka ɗora wa kai masa. Na tayar da ɗan janaretansa, na ɗora zarton a kan katako, na danna. Layi ya fito ja wur. Altine ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa katakon.

"Wa yaj ja layin ga?"

"Ba kowa."

Ya ciro tsumma ya goge. Layi na nan. Ya tofa yawu ya sake gogewa. Sai layin ya hau bayan hannunsa. Ya yi baya da sauri yana, "A'uzubillahi! Ummaru, mi kak kawo min gida?"

Maƙwabta suka taru, har da mai shayi na bakin hanya ya baro tukunyarsa. Na yi bayani iya yina. Altine ya saurara, ya kanne ido, ya daɗe yana kallon layin nan. Kowa ya san abin da zai fito daga bakinsa, kuma ya fito.

"A karkace shike."

Aka fashe da dariya. Mai shayi ya ce, "Haba Baba, haske ne fa! Haske na karkacewa?" Altine bai kula shi ba. Ya kafa 'yar ƙusa a wannan bakin katako, ya kafa wata a wancan, ya sa na daidaita jan layin a kansu na yanka. Sannan ya bi yankan da babban yatsansa, a hankali, idonsa a rufe. Ya kamo hannuna ya ɗora. Jama'a, ƙusar farko yankan ya shafe ta, ta biyun kuwa ya bar ta da kamar kaurin ƙwayar gero! Na buga wa mai shagon waya, ya ce e, sabo ne, sai an saita shi, akwai wani ɗan noti a gefe. Altine da kansa ya murɗa notin, mu yanka, ya shafa, ya sake murɗawa, har sau huɗu. Da yatsansa ya gamsu sai ya miƙe ya gyara hula, ya dubi taron.

"Kun gani? Daga ƙasar waje ankay yo shi, amma sai da yaz zo Gwandu yak koyi tahiya."

Da a ce layin nan daidai ya zo, na rantse da sai dai mu mayar da shi. Amma tunda shi ya gyara shi, ya zama nasa. Ya raɗa masa suna Ɗan Ja. Ya daina ja da fensir, sai ya ɗiga alli nan, ya ɗiga can, Ɗan Ja ya haɗa su, shi kuma ya bi. Hannun dama ma yana nan da ƙarfinsa, bai taɓa rawa ba. Bencinan Kambaza ya aika aka kwaso su, ya gyara ƙafafun. Na ce, "Tsoho, ƙasar tasu ta miƙe ke nan?" Ya ce, "An yi ruwa, ta kwanta."

Sai dai rowarsa ba ta bar Ɗan Ja ba. Ya ɗauka jan nan ƙarewa yake yi kamar tawadar biro. Zai kunna, ya kalla, ya kashe da sauri, sannan ya yanka da abin da ya tuna. Sai da Saratu ta zo takanas ta rantse masa ba ya ƙarewa. Bayan nan kuma ya gano in rana ta take, layin dushewa yake yi, ba a ganinsa. Ya ce, "Ashe ɗan hutu na, bai son rana." Cikin kwana biyu ya kafa rumfa a ƙofar shago, da kwanon rufi sabo fil. Kulu ta fito ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, tun ina amarya nike roƙon rumfa bakin murhu, kana cewa rana magani ta. Ashe sai mai jan ido aka yi ma rumfa!" Washegari ya yi mata tata, da ragowar kwanon, rabinta a buɗe.

Aiki ya dawo. Shekara uku ya ƙara yana yanka katako, yatsunsa goma cif.

Aikinsa na ƙarshe babba, makarar masallacin unguwarsu ce. Tsohuwar ta karye, ya ce kada a kai wa kowa, shi zai yi, kuma sadaka. Ranar da ya gama na je Gwandu da hantsi, na tarar ba kowa a rumfa sai makara, da mutum a ciki an lulluɓe da mayafi. Kafin in yi magana, wata tsohuwa da ta zo karɓar kujerarta ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Sai mayafi ya motsa, Altine ya tashi zaune.

"Ke, dakata, ba a kai nan ba tukuna. Gwaji nikai."

Tsohuwar nan ko takalmanta ba ta tsaya ɗauka ba. Shi kuwa ya koma ya kwanta, ya motsa kafaɗu, ya ce, "Hwaɗin ya yi. Amma sai na ƙara taƙi guda, Liman ya hi ni tsawo."

Ya ƙara kuwa. Na zauna ina kallonsa yana goge hannayen makarar da takardar yashi, ya goge ya shafa, ya goge ya shafa. Na ce wa zai duba wannan? Ya ce, "Masu ɗauka ba su yi laihin komi ba, don mi sartse za shi soke su?" Ya ci gaba da gugarsa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ummaru, huskakka ma ban gani sosai yanzu, muryakka nika ganewa. Jan layin ga kaɗai yar rage min. Ka ce ma Saratu Allah Shi yi mata albarka. Ni in na hwaɗa mata, kuka za ta yi, ni kau ba ni son hayaniya."

Na faɗa mata. Ta yi kukan.

Bayan damina ya kwanta zazzaɓi na kwana biyar, ranar Laraba da safe Allah Ya karɓi abinsa. Shi ne mutum na farko da aka ɗauka a makarar. Da aka sa shi, Liman ya dubi sararin da ya rage wajen ƙafafu, ya ce a hankali, "Wanga taƙin nawa na," sai ga dattawa suna murmushi hawaye na zuba. Ni na kama hannun gaba na dama, tun daga masallaci har maƙabarta ban yarda an karɓe ni ba. Sumul yake kamar an shafa masa mai.

Allah Ya jiƙan Altine, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa makwanci, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Kulu da Saratu haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.