Malam Nasiru da Faransancin Amira

Da safiyar nan, ina tsaye a tashar jirgin ƙasa na monorel da ke unguwar Chow Kit, aka kira ni aka ce Malam Nasiru ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya dawo daga kai yara makaranta, ya ce ƙirjinsa na ciwo. Ba a kai asibiti da shi ba.

Na shekara goma ina rubuta labarin mutuwa a jarida. Wannan na rasa ta inda zan fara.

Ga wanda bai san shi ba: ɗan Kano ne, yana digiri na uku a fannin injiniya. Shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na iso ƙasar nan. Lokacin da na kwanta da zazzaɓin dengi, kullum sai ya yi mini tapau, wato ƙunshin abincin saye, ya rataye a ƙofa, ya tafi don kada in yi godiya.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka zauna a wani mamak, wato gidan shayi da abinci, kusa da Masjid India. Bai taɓa shayinsa ba.

Ya ce, "Edita, kai da ka cinye littattafai, me Faransawa suka yi wa Turawan Ingila?"

Ashe matsala ce a gida. Matarsa, Maman Amira, 'yar Damagaram ce, tana haɗa wa yaran Hausa da Faransanci. Sai Amira ta ji wani a makaranta ya yi ashar ya ce "pardon my French", wato a yafe masa Faransancinsa, aka kwashe da dariya. Daga ranar ta daina amsa wa uwarta da Faransanci. Wai yaren zagi ne. Uwar ta yi kuka a ɓoye.

Na gaya masa abin da na sani. Da can, Baturen Ingila in ya sako kalmar Faransanci a magana yakan nemi afuwa, ko mai sauraro bai gane ba. Daga baya masu ashar suka fake da hakan. Ga kuma tsohuwar gaba tsakaninsu: mai sulalewa ba sallama, Turawan Ingila su ce ya yi tafiyar Faransawa, Faransawa su ce ya yi ta Turawan Ingila.

Ya yi dariya har da buga tebur. "Ashe kowa maƙwabci yake shafa wa dattinsa! Boleh, in ji mutanen nan, ba damuwa. Ka zo ranar Lahadi ka gaya wa Amira da bakinka, ni ta ce injiniya ne, ban san Turanci ba."

Yau Alhamis. Har na shirya yadda zan yi wa yarinyar bayani.

Ɗazu na je gidan. Mata sun cika falo, na tsaya daga ƙofa. Amira na rungume da uwarta tana yi mata magana a hankali, da Faransanci. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Ban sani ba ko mahaifinta ya riga ya gaya mata, ko ita ce ta ga abin da uwar ke buƙata. Wanda zan tambaya yana kwance ana jiran takardun asibiti.

Lahadin dai zan je, tunda ya ce in zo.

Allah Ya jiƙan Malam Nasiru, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya raya Amira da ƙannenta. Wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, da kowane yare ya iya.