Gidanmu Tsakanin Coci da Masallaci

Bayan rikicin garinmu Baba ya kwanta ciwo, ba mu da abin sayarwa sai gidanmu na Kafanchan. Na kafa allo a ƙofa, har damina ta wanke shi ba wanda ya taya. Sai na je wurin wani tsohon dillali a bakin tashar jirgin ƙasa, inda masu neman gida ke fara cigiya.

Na zayyana masa komai: rijiyar da ba ta ƙafewa, mangwaro, ga coci a dama, masallaci a hagu.

Ya ce, "'Yata, wa ke tambayar rijiya yanzu? Unguwar su wa, ita ce tambayar."

Raina ya ɓaci, amma maganin Baba ya ƙare. Na ce ya ambata wa kowa ginin da yake so, ya ɓoye ɗayan.

Mutane suka fara zuwa. Kowa sai ya yaba rijiya, ya hango ɗaya ginin, ya ce zai dawo. Gidan bai cika ba sai ranar da Baba ya rasu, daga dama da hagu.